Murjani a Cikin Kankare

Siminti ya tsattsaga mata tafin hannu, ga ruwan sabulu yana shiga tsagun kamar ana barbaɗa mata barkono, amma ba ta fasa cuɗa wankin ba. 'Yar Magini ake ce mata a gidan, kuma da gatse ake faɗa. Mahaifinta magini ne, ya faɗo daga saman bene tun tana ƙarama, mahaifiyarta ta bi shi ba da jimawa ba, ba ta bar mata komai ba sai sarƙar jan murjani da ke wuyanta. Allah sarki maraici! Yarinyar da malamai ke alfahari da ita a sashen injiniyan gine-gine na jami'a, ita ce durƙushe gaban baho a gidan kawunta, alhali yau ne za a fara jarrabawar gyara.

Ga yadda jarrabawar take: kowane ɗalibi zai kwaɓa kankarensa da hannunsa, ya zuba a mazubin ƙarfe, in bulon ya kama jikinsa ya rubuta lambarsa da fenti, a jiƙa a tankin ruwa kusan wata guda, sannan a sa a injin matsewa. Wanda nasa ya jure, ya haye. A zaman farko nata ya ruguje kamar busasshiyar laka, ita kanta ta rasa dalili, don ta san abin da ta kwaɓa. Na Gimbiya kuwa, 'yar kawun nata da suke aji ɗaya, wadda ba ta son ko ƙura ta taɓa mata farce, ya yi ƙarfin da ya ba kowa mamaki. Sai dai Gimbiya ta faɗi a rubutu, don haka doka ta ce su biyun su maimaita darasin gaba ɗaya. Wanda ya sake faɗuwa kuma, kora ce.

"Ke, injiniyar wanki!" in ji Inna, matar Kawu, da ta ga ta miƙe ta ɗauki jakar makaranta. "Ina za ki da jaka?"

"Inna, ki yi haƙuri, rukuninmu ne na safe. In na dawo zan ƙarasa, wallahi..."

"In kin dawo! Wadda ta kasa haɗa bulo ɗaya ce za ta gina mana gada? Kawunki ya gama magana, kina faɗuwa shagona za ki koma kina awo. Ki ajiye jakar nan!"

Ta kai hannu ta shaƙo ta, sai sarƙar ta tsinke, murjani ya watse a tsakar gida. Kawu yana zaune bakin ƙofarsa, ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba. Yarinyar ta durƙusa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kansu, ta zura su a zaren ɗinki, ta mayar wuyanta, ta fita da gudu.

A ɗakin gwaji Farfesa ce ke zagayawa, macen da ɗalibai ke cewa ko injin matsewa tsoronta yake ji. 'Yar Magini ta auna yashi da tsakuwa da siminti, ta zuba ruwa daidai, ta sunkuya tana juyawa da cebur... sai zaren nan ya sake! Wayyo! Kafin ta tare, jajayen duwatsun sun zube cikin kwaɓin sun nutse. Ta cusa hannu tana lalube.

"Me ya faɗa ciki?" in ji Farfesa.

"Sarƙar Ummata ce, ranki ya daɗe... ita kaɗai ta bar mini."

Farfesa ta dubi agogo. "Siminti ba ya jiran mai kuka. Ko ki tsaya tsinta ya daskare a hannunki, ko ki zuba. Zaɓi."

Ta rufe ido ta ce, "Umma, ki yafe mini." Sannan ta ɗauki cokalin gini. Wanda duk ya ga yadda yarinyar nan take zuba kwaɓin kashi-kashi, tana daddanna shi da sandar ƙarfe, tana shafe samansa sumul, hawaye na gudu amma hannu bai karkace ba, ya san akwai zuciyar da ta fi kankare ƙarfi! Farfesa ta daɗe tana kallonta kafin ta wuce. Gimbiya kuwa rukuninsu na yamma ne, ba ta ga komai ba.

Wata guda ta yi tana wanki da shara da shan gori, wuyanta fayau. Duk sanda ta wuce ɗakin gwaji sai ta leƙa ta taga ta hango tankin, ta ɗaga hannu: "Ya Allah, Kai ne gatan mara gata. Kada Ka bar wahalar iyayena ta tafi a banza."

Ranar matsewa ɗakin ya cika. Har Kawu da Inna sun zo ɗaukar Gimbiya, suna tsaye bakin ƙofa, Inna ta sha ado. Aka kira lambar 'Yar Magini, aka ɗora bulon, injin ya fara gurnani. Allurar ma'auni ko rabi ba ta kai ba, sai rugum! ya zube kamar gari.

"Ayya, 'yar uwa," in ji Gimbiya tana rufe baki da mayafi, "gadon gini dai bai bi jini ba."

Yarinyar ba ta ji ta ba. Jarrabawa ta tafi, karatu ya ƙare, amma ba wannan ne ya durƙusar da ita gaban injin ba. Hannu biyu ta sa tana tona ɓaraguzan, tana murzawa, tana sake tonawa. Can ta ɗago da jajayen idanu.

"Ranki ya daɗe... babu Ummata a ciki. Ko ƙwaya ɗaya babu!"

Fuskar Farfesa ta sauya. "Kada wanda ya fita," ta ce. "A ci gaba."

Aka kira lambar Gimbiya. Allura ta hau, ta wuce rabi, ta wuce iyakar cin jarrabawa, tana ta hawa har ɗalibai suka fara tafi. Da ƙyar bulon ya sallama, ya tsage da ƙara... sai ga jan murjani yana ƙyalli a cikinsa! Ƙwaya ɗaya ta gangaro, ta bi daɓe tana mirginawa, ba ta tsaya ba sai a gaban takalmin Inna.

Farfesa ta ɗauki sauran bulon Gimbiya ta kankare fentin da bakin cokalin gini, sai ga inuwar lambar 'Yar Magini a ƙasa.

"A gabana sarƙar nan ta zube a kwaɓin yarinyar nan," ta ce, sannan ta juya ga Gimbiya. "Ke kuma yaushe kika gaji uwarta?"

Gimbiya ta zube tana kururuwa. "Wallahi Inna ce ta ce in sauya lambobin! Wancan karon ma ita ce! Ta ce ba za a yi injiniya a gidanmu ba sai ni!"

Inna ta juya za ta sulale, Kawu ya tare ƙofar, hawaye na bin gemunsa. "Murjanin ƙanwata ne wannan. Ni na saya mata da hannuna. Amana aka bar mini na zuba ido kina ci... yau kin gama mulki a gidana!" A ranar aka kai Gimbiya gaban kwamitin ladabtarwa, korar da aka tanadar wa marainiya ta faɗa kanta, aka kuma mayar wa mai haƙuri sakamakonta na zama biyun.

Amma kafin duk wannan, ɗalibai sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Farfesa, wadda ba ta sunkuya wa kowa, ta tattare rigarta ta durƙusa cikin ƙura kusa da yarinyar, tana ɓanɓaro murjani daga kankare tana zuba mata a tsattsagen tafin hannunta.

"Share hawayenki, Injiniya," ta ce a hankali. "Wasu sun fashe, amma yawancinsu sun jure, kamar mai su. Wannan karon a wayar ƙarfe za mu zura su, ba a zare ba."