Kawo In Karɓe Ka

Ranar na dawo daga teku ba ko kifin sardin ɗaya. Dab da magariba na gangara kogi in ɗauraye gishirin ragata, don ruwansa daga idon dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai har bakin teku. Gajiya ta yi mini lilis.

Sai na ji tari daga tsohuwar hasumiyar gadi. Tun zamanin kakanninmu ba kowa cikinta sai jemagu.

Wani tsoho ne zaune a ƙofarta, riƙe da sanda, ya ƙura wa teku ido. Warin tsohuwar toka yake yi.

A garinmu ba a wuce mai aiki baki rufe. Ka ce "kawo in karɓe ka," ya ce "Allah ya raya ka," kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya taɓa miƙowa. Ni ma al'ada ce ta buɗe mini baki.

"Sannu, Baba. Kawo in karɓe ka."

Kwaɗi suka yi tsit.

"To," ya ce da raɗa. "Tun da aka ajiye ni ba wanda ya zo canji. Kada ka runtsa, ɗana. Ta teku mahara suke zuwa."

Ya miƙo sandar. Hannuna ya karɓa.

Ya kwanta, ya yi doguwar ajiyar zuciya. Na duba, toka ce a wurin.

Ƙafafuna suka fara hawa matakalar hasumiyar. Ba ni na sa su ba.

Na yi salati, na yar da sandar, na faɗa kogi. Ruwa ya tafi da ni har gindin kwalekwalena.

Na tsira daga hasumiya, amma gadin ya biyo ni gida. Tun ranar barci bai ƙara ɗaukata ba. Matata Wadiha ta kai ni wurin likita, ta kai ni wurin shehi, duk a banza. Kullum ina bakin taga, ina kallon teku. Na gaji, wallahi na gaji.

Jiya 'yata Rudaina ta kawo mini gahawa, ta tsaya tana kallon idanuna.

"Baba, wai me kake jira haka? Kawo in karɓe ka."

Yarinya mai tarbiyya. Ni na koya mata.

Na ciji harshena har sai da na ji ɗanɗanon jini.

"Allah ya raya ki," na ce.