Kwamfutar da Ba Ta da Ɗigon Ja

Sufeton 'yan sanda Kalaiselvi ta tsani ƙarar da ta shafi na'ura, don wayarta ma 'yarta ce ke saita mata. Amma muryar Dakta Vasanthi, shugabar ɗakin gwajin ruwa, rawa take yi a waya, dole ta je.

"Ranki ya daɗe, injin awo ya daina magana da kwamfutarsa," in ji Dakta. "Tsoho ne, ya girmi rabin ma'aikatana. Kwamfuta ɗaya tak yake saurara, saboda wani kati da ke cikinta wanda an daina ƙera irinsa."

"To ki kira mai gyara mana. Ni mene ne nawa?"

Dakta ta nuna kwalaben da ke jere cikin firji. "Ruwan rijiyoyin da ke bayan masana'antar rini ne. Yara na kwance a asibiti. In ban auna yau ba ruwan ya lalace, gobe kotu ta kori ƙarar ƙauyen."

Sufeto ta daina duba agogo.

Ilango, mai kula da injin, yana durƙushe a bayan tebur, gumi ya jiƙa masa riga.

"Madam, na canja waya, na kashe na kunna, na gwada kowace kafa, na rage gudun saƙo. Shiru. Tsufa ne kawai."

"Yaushe ya yi aiki na ƙarshe?"

"Kafin hutun bikin kayan aiki."

Ta fita ta sami maigadi, dattijo Ponnusami. Ya rantse ko ƙuda bai shiga ba lokacin hutun.

"Baba, wannan sabon askin da tokar da ke kanka, a bakin ƙofar nan aka yi maka?"

Tsoho ya shafa kai. Ashe garinsu ya tafi cika alkawarin da ya yi a wurin bauta, ya bar wa Ilango makulli.

Sufeto ta koma ɗakin, ta tsaya tana kallo. A al'ada, ranar bikin kowa kan sa wa kayan aikinsa albarka. Ita kanta sai da ta wanke motar ofis da bindigarta, ta shafa musu kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi da ɗigon ja. Nan ma haka aka yi: injin, firji, fanka, har almakashi duk da ɗigonsu. Akwatin kwamfutar kuwa fes yake.

"Wa ya shafa wa kwamfutar nan?"

"Ni da hannuna," in ji Dakta. "Har fure na ɗora mata." Sai ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Wannan ba tawa ba ce!"

"Ƙila an goge ne wajen shara," Ilango ya ce da sauri.

"Kai, ɗan'uwa, wa ka taɓa gani ya goge albarka tun furenta bai bushe ba? Ina ta gasken?" in ji Sufeto.

Ilango ya zauna daɓas a ƙasa. Mijin yayarsa ne manajan masana'antar, shi ya ce ya jefa ta a kogi, in ba haka ba yayar ta koma gidansu. Ya ɗauko mai kama da ita daga sito ya musanya.

"Ka jefa?" in ji Dakta.

"Na kasa. Ita ke ciyar da ni, ga ɗigo a goshinta. Tana gidana, a ɗakin addu'a."

Sufeto ta aiki wani kofur ya ɗauko ta a babur, naɗe da zanin siliki. Dakta ta haɗa wayoyin. Can sai injin ya yi gurnani, lambobi suka fara hawa allo.

Ba ta gama karanta kwalbar farko ba ta ɗaga kai. "Sufeto, a rufe rijiyar firamaren Kattur yanzun nan. Kada yaro ya ƙara kurɓa."

Ilango ya tsaya cak a bakin ƙofa, ankwa a hannunsa. Kwalaben lamba kawai gare su, bai taɓa sanin daga ina aka ɗebo su ba.

"Madam, don Allah ara mini wayarki," ya ce. "'Yata a can take karatu."