Yaƙin Gafiya a Gwange

A ƙarshen daminar shekara ta uku da tashin mutanen Kellumari, lokacin da kogin Ngadda ya cika ya fara ja da baya, Allah ya yi wa Bulama Umara rasuwa a unguwar Gwange, cikin birnin Maiduguri. Bai rasu a garinsa ba, domin 'yan bindiga sun ƙone garin. Mutanensa sun shigo birni da ƙafa, suka sami mafaka a wani tsohon gida na bakin kogi, mallakar wani ɗan kasuwa Bakano, Alhaji Maikuɗi. A nan Bulama ya ci gaba da zaman fada a gindin dogonyaro, yana raba gardama tsakanin mutanen da ba su da sauran gona ko saniyar da za a yi gardama a kai. Amma sarauta sarauta ce. Ba a gama sadakar bakwai ba neman rawani ya tashi.

Masu nema biyu ne. Akwai Ba Gana, ƙanen marigayi, tsoho mai taurin kai, wanda ko kuɓewa bai yarda ya shuka a Gwange ba, don a ganinsa mai komawa gida gobe ba ya shuka a ƙasar wani. Akwai kuma Mikail, babban ɗan marigayi, wanda ake kira Ciroma. Shi tuni ya koyi tuƙin keke mai ƙafa uku na haya, ya san kowane lungu daga Gwange har Mairi.

To, a Kellumari ba rawani ne ke yin Bulama ba, irin masakwa ne, wato dawar nan da ake dasawa a baƙar ƙasar firki bayan ruwa ya janye. Nasu irin ja ne, gadon kakanni, ba a samunsa a kowace kasuwa. Ranar naɗi, yayar marigayi, mai riƙe da sarautar Magaram, ita ke ɗebo irin ta zuba a tafin sabon Bulama. Wanda ba ta zuba wa ba, ko rawani goma ya naɗa, mai rawani ne kawai.

Magaram ta wannan zamani ita ce Ya Falmata. Ranar gudu ta bar zannuwanta ta goyo buhun irin a baya. Da suka sauka Gwange aka haƙa rami a ƙarƙashin gadonta, aka shimfiɗa ƙaiƙayi, aka zuba irin aka rufe da zana da ƙasa, kamar yadda suke ajiye hatsi a gida. Marigayi kuma ya kafa doka: ba za a shuka ko ƙwaya ɗaya ba sai a ƙasar Kellumari, domin shuka shi a nan daidai yake da cewa an haƙura da komawa.

Ranar da aka sa za a buɗe ramin, da hantsi, dattawa suka cika ƙofar ɗaki. Mikail ya janye gado, ya sa fartanya. Sara ɗaya, zana ta rufta. Ya Falmata ta durƙusa ta zura hannu har kafaɗa, ta laluba, ta fito da ƙaiƙayi da wani baƙin kashi mai kamar ƙwallon dabino. A gefen ramin ga wata kafa, faɗinta kamar cinyar namiji, ta nufi wajen katanga.

"Innalillahi," in ji ta. "Gafiya."

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A garinsu ƙasa laka ce, in ta bushe ko gatari sai ya yi ƙara. Ƙasar Gwange kuwa rairayi ce, yaro ma da yatsa sai ya haƙa ta. Sun kawo dabarar gida, sun manta ba su kawo ƙasar gida ba.

Gafiyoyin kuma ba baƙi ba ne ga kowa a shekarun nan. Tun da ƙauyuka suka watse, rumbuna suka ƙone, suka biyo mutane birni. Ramin tsaron da aka haƙa kewaye da birnin, wanda ɗan Adam ba ya tsallakewa sai an tambaye shi sunan ubansa, su sun wuce shi ba sallama. Suka mamaye lambunan bakin kogi, suna yanke tumatir, suna tone dankali, suna shiga ɗaki su ɗauke sabulu da cokali. Mutum ya fito alwala sai ya yi ido biyu da wata kamar kyanwa, rabin wutsiyarta fari, tana kallonsa kamar shi ne ya shigo mata gida.

Ana cikin salati sai ga Pindar, mutumin Biu, mai lambun da ke jikin gidan. Shi da gafiya tsohuwar gaba ce, kuma ba ya ɓoye cewa namanta na yi masa daɗi. Ya leƙa kafar, ya shinshina, ya yi dariya.

"Mama, share hawayenki. Gafiya ba ta cinye abu nan take, tarawa take yi. Tana da ɗakin ajiya a can ciki. Dawarku na nan, sai dai ta sauya maigida."

Wallahi da ka ga gidan nan a lokacin! Mata suka rangaɗa guɗa, tsofaffi suka miƙe ba sanda. Ya Falmata ta ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Ku ji, mutanen Kellumari. Ba ni da abin zubawa a tafin kowa. Tsakanin Gana da Mikail, wanda ya dawo mini da irin, shi ne Bulama."

Nan take aka naɗa Pindar Kaigama, wato sarkin yaƙi, da tsohon rawanin da aka ara. Ya zaga gidan ya gano ƙofofin ramin: ɗaya a bayan madafa, ɗaya a gindin dogonyaro, ɗaya a cikin lambunsa. Kowace ƙofa aka tsayar da maza da taɓare, mata a bayansu da kwanoni. Alhaji Maikuɗi ma ya zo ya yi mubaya'a, ya ce gafiyar ta huda masa buhunan da suka sha wahalar hanya cikin ayarin motoci daga Kano, don haka yaƙin nasa ne shi ma.

Girma ya sa aka ba Ba Gana harin farko, ya zaɓi hayaki. Aka cusa ƙaiƙayi da busasshen barkono a ƙofar madafa, aka kunna, tsoho ya kwanta rubda ciki yana fifita da faifai. Aka buga kwanoni. Aka jira. Hayakin bai fito da gafiya ba, domin ta toshe hanyarta da ƙasa daga ciki, sai ya bi wata kafa da ba wanda ya sani ya ɓulla a ɗakin ajiyar Alhaji. Alhaji ya fito yana tari, hula a hannu, rundunar Ba Gana kuwa ta watse da atishawa.

"Ba Gana, a ba ni fili," in ji Mikail.

"Ga fili ga mai doki, ɗana."

Ciroma ya kira abokan sana'arsa. Kekuna suka yi jerin gwano daga bakin kogi zuwa ƙofar gida, kowanne ɗauke da jarkoki, aka riƙa miƙawa hannu da hannu ana kwararawa a ƙofar gindin dogonyaro. Ƙasa ta sha ta sha, har ta fara gurnani. Kaigama na tsalle yana cewa a ƙara. A nan ne nake jin haushinsu har yau: manoma ne gaba da baya, amma zafin yaƙi ya sa babu ko mutum ɗaya da ya tuna abin da ruwa ke yi wa hatsi.

Sai ƙasa ta tsage a inda ba a tsayar da kowa ba. Ta fito! Jiƙe sharkaf, kumatu a kumbure da dawa, ta tsaya ta girgiza jiki. Aka yi ca a kanta. Taɓarya ta sauka a ƙafar Pindar, wani ya faɗa cikin laka, ita kuwa ta bi ta tsakanin ƙafafun Ba Gana, ta haye katanga, ta nufi kogi. Wata mata ta bi ta da ihu: "Gafiya, tsira da na bakinki!" Aka kwashe da dariya, har da wanda taɓarya ta sauka a ƙafarsa.

An ci gari, saura ganima. Aka kama haƙa ana bin ramin, ramin kuma ya miƙe sosai zuwa gindin katangar Alhaji Maikuɗi. A nan ƙawance ya ƙare. Alhaji ya dubi fartanya, ya dubi katangarsa, ya sulale ya tafi wurin 'yan kato da gora masu tsaron unguwa, ya ce baƙin da ke gidansa suna haƙa a ƙarƙashin bango, an kuma ga hayaki.

A wancan zamani wannan magana ba ta wasa ba ce. Kafin a ankara an kewaye gidan. Dariya ta ɗauke. Shugabansu ya dubi Mikail, matashi, fartanya a hannu, ya ce ya biyo su. Ba Gana ne ya shiga tsakani, ya riƙe rigar abokin takararsa.

"Ranka ya daɗe, wannan ɗana ne. Ni na sa shi. In za a tafi da wani, ga ni."

Shugaban ya saurari labarin gafiya, ya ga laka, ya ga jarkoki, ya kusa murmushi. Bai tafi da kowa ba, amma ya yanke hukunci: kada fartanya ta sake taɓa ƙasar nan sai masu binciken bama-baman da ake binnewa sun zo sun duba. Ya bar mutum biyu a ƙofa.

A lokacin ne hankali ya dawo jikin kowa. Irin na can ƙarƙashin ƙasa cikin ruwa, ga zafin ƙarshen damina. Kwanaki suka yi ta wucewa, masu bincike na can wasu unguwanni inda aikin ya fi gaggawa. Ya Falmata ta daina cin abinci, ta shimfiɗa tabarma kusa da wurin ta zauna. Mikail ya kasa haɗa ido da ita.

Da aka zo aka duba aka ba da izini, rabin Gwange ya hau katanga yana kallo. Alhaji, da kunya ta kama shi, da kansa ya kawo itatuwa aka tokare bangon. Aka haƙa da hannu. Cokula suka fara fitowa, sai guntayen sabulu, sai murfin buta, kowanne ya fito sai mai shi ya yi ihu daga kan katanga. Sai Pindar ya ce, "A tsaya!" Ya share ƙasa a hankali, ga ɗakin ajiyar gafiya.

Wari ne ya fara bugo su. Dawar ta cure wuri ɗaya, ta yi baƙi, ta yi furfura. Mikail ya zauna daɓas a cikin laka, ya ce, "Ya Falmata, ni na kashe irin nan. Na janye."

Ya Falmata ta matso bakin ramin. Ta sa an kwaso curin a faifai, ta kai shi rana, ta shiga bajewa da yatsa. Can sai ta tsaya. A cikin baƙin nan ga wani abu fari siriri kamar allura. Ga wani. Ga wani kuma.

"Ya tsiro!" in ji wata yarinyar gidan, gida ya ɗauka, katanga ta ɗauka, har masu gora suka ɗaga gorarsu sama.

Ya Falmata ita kaɗai ba ta yi murna ba tukuna. Ta tsince masu tsiron gefe guda, ba su cika tafi ba. Ta ɗauki sauran tana murtsukewa ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa wa ƙanenta.

"Gana, duba. Waɗannan sun sha ruwa kamar 'yan'uwansu, amma ko tsagewa ba su yi ba. Ba ruwan yaron nan ne ya kashe su ba. A ƙarƙashin gadona suka mutu, muna gadinsu. Da mun ƙara shekara, da babu ko ɗaya."

Kowa ya gane abin da ke gabansu. Tsiro ba ya jira, ba a mai da shi buhu. Ko a sa shi a ƙasa yau, a karya dokar marigayi, ko a bar shi ya bushe a faifai. Idanu duk suka koma kan Ba Gana, domin an san in ya ce a'a, dattawa bayansa za su bi.

Ya daɗe yana kallon faifan. Sannan ya miƙe, ya taka zuwa gaban Pindar, ya cire takalmansa, ya durƙusa.

"Kaigama, mu baƙi ne. Ina roƙon aron ƙasa a lambunka, wajen da kogi ya janye. Ko faɗin tabarma ne."

Pindar ya ruɗe, ya kama shi yana cewa, "Haba Baba, tashi, tashi! Ɗauki duk inda ka so."

A bakin fadamar Ya Falmata ta ce Gana ya buɗe hannu, ta zuba masa tsiron a tafi. Mikail ne ya fara cewa, "Allah ya ja zamanin Bulama," ya karɓi fartanya ya gyara masa wurin.

Masu ba da labari sun ce kusan rabin abin da aka sa ya kama, aka dasa shi da ƙasa ta tsane, aka yi gadinsa daga gafiya da tsuntsu kamar ana gadin ƙofar birni. Da sanyi ya shigo ya fitar da kai, ja kamar na gida. Bulama Gana ya raba zangarniyar gida gida, ya ce daga yau kowa ya shuka kowace shekara, a duk inda Allah ya ajiye shi. Ranar girbin mata sun yi guɗa har muryoyinsu suka dushe. Shi kuwa ya koma gefe da zangarniya ɗaya a hannu, ya fuskanci gabas inda garinsu yake, ya yi kuka sosai, ba wanda ya hana shi.

Na sha jin sarakunan da suka rasa gadonsu saboda sakaci. Waɗannan saura kaɗan su rasa nasu saboda tsananin riƙo, kuma da Allah ya tashi kuɓutar da shi bai aiko mai hikima ba, ɓarauniya ya aiko. Gana ya nemi rawani don ya mai da mutanensa gida, aka ba shi a ranar da ya durƙusa ya roƙi ƙasar zama. A Gwange ya yi sarautarsa, a Gwange aka binne shi.