Ƙafar Iya Shekara

Dutsen farko ya faɗo ne gab da magariba, lokacin da Fatsuma take kwashe tuwo a tsakar gida. Ya dira a kan kwanon ɗakin 'yarta Zinnira, ya gangaro ya tsaya a gindin randa. Mijinta Malam Ja'afar, mai koyarwa a wata Islamiyya a cikin Gwarzo, ya ajiye buta ya leƙa waje da bulala a hannu. Babu kowa a layin. Da ya ɗauki dutsen sai ya ji shi a jiƙe, da gansakuka a jikinsa, alhali rabon garin da ruwan sama wata huɗu ke nan.

Haka aka yi ta jifan kullum idan rana ta yi ja. Malam ya zargi ɗaliban da ya zane. Fatsuma ta ɗora wa maƙwabciyar da suka taɓa cacar baki a kan kwata laifin, har ta daina amsa sallamarta. Kowa dai ya samu wanda zai tsana, kuma babu wanda ya kalli wayar da ke hannun Zinnira.

Ita Zinnira zane take yi a ɓoye, don mahaifinta ba ya son a zana mai rai a gidansa. Akwai wata tsohuwa a Dugabau, Gwaggo Uwaliya, da take ba da labari, jikarta tana ɗaukar muryar tana turawa wani guruf na mata. Tauraruwar labarin ita ce Iya Shekara, baƙar tsohuwa gajera mai giɓi, mai ɗaura saƙi, tana ɗingisa ƙafar hagu, tana zaune a bakin tsohuwar rijiya. Zinnira ta ga wannan kama ba za ta burge kowa ba. Sai ta zana ta fara sol, doguwa, da leshi da takalmi mai tsini, ƙafafu a miƙe sambal. Hoton ya zaga wayoyi har Kano. Ƙawarta Badi'a ce kaɗai ta rubuta cewa wannan ba ita ba ce, Zinnira kuwa ta ce hassada ce take damun ta.

A rana ta biyar suka fara jin tafiya a bayan ɗakin. Taku ɗaya, sai jan ƙafa, sai shiru mai tsawo. A rana ta bakwai hannun Zinnira na dama ya dunƙule, ko cokali ba ya riƙewa. An je asibiti ba a ga komai ba. Da Malam ya binciki wayar ya ga zane-zanen, zarginsa ya koma kanta.

"Ƙarya take yi," ya ce da Fatsuma. "Ta san na gano ta ne."

Fatsuma ta kama yatsun da hannu biyu ta ja iya ƙarfinta, ko motsi ba su yi ba. Tsoro ya kama ta sosai, ta zauna tana kuka.

Bayan la'asar ɗin ranar Alhamis aka ɗauko Malam Abdulnasir daga Kabo, dattijo mai ruƙiyya wanda ba ya gaggawar gaskata mutum, balle aljani. Ya zauna a kan buzu ya daɗe yana karatu. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida kafin Zinnira ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, iska tana fita ta giɓin da yarinyar ba ta da shi.

"Sannu da ƙoƙari, Malam."

"Wace ce ke, kuma me ta yi miki?"

"Shekara. Ƙafata ta ɗauke."

"Ƙarya kike yi. Shekara tatsuniya ce, kin dai ji sunan a waya kin ara."

"Ka tambayi Uwaliya wa ya fito da kakarta daga rijiya tana 'yar shekara huɗu."

Malam Abdulnasir ya sa aka kira Dugabau a waya, ya yi tambayar. Gwaggo Uwaliya ta ce a hankali, "Ban taɓa faɗar wannan a labarin ba. Wa ya gaya muku?"

Muryar ta ci gaba. "Garin fito da ita ne bakin rijiya ya rufto mini a ƙafa. Ɗingishin nan shi ne kaɗai abin da ake tunawa da ni. Fari da leshi ban damu ba, yarinta ce. Amma ta miƙe mini ƙafa, yanzu yara suna kallon wata 'yar gayu suna kiran ta da sunana. Ta gyara mini ƙafa, ni ma na gyara mata hannu."

"Zalunci ne wannan. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Ta mayar mini da abina in fita. Ba na son kaza, ba na son turare."

Malam Abdulnasir ya juya ya dubi Malam Ja'afar, don gidan nasa ne, dokar ma tasa ce. Malam Ja'afar ya daɗe yana kallon hannun 'yarsa. Daga nan ya tashi ya yago takarda daga littafin darasinsa, ya ɗora a kan faifai, ya durƙusa ya riƙe mata da kansa. Fatsuma ta cusa fensir a tsakanin dunƙulallun yatsun.

Zinnira tana hawaye tana ja. Ta zana gajeriyar tsohuwa, ta cike fuskar da baƙi, babban yatsa ya saki. Ta buɗe giɓin, ta ɗaura mata saƙi, manuni da na tsakiya suka saki. Da ta karkata ƙafar hagu, na huɗu ya miƙe. Ƙaramin yatsa ya tsaya a lanƙwashe.

"Saura ɗaya," in ji Malam Abdulnasir. "Kin yi alkawari."

"Ta goge wancan hoton."

Aka miƙa wa Zinnira wayar ta goge shi. "Ta goge, a gabana," in ji Malam Abdulnasir.

"A wayarta ta goge. Na wayoyin mutane fa? Ranar da na ƙarshe ya ɓace, yatsan zai miƙe."

Malam Abdulnasir ya ɗaga murya da karatu, amma tuni Zinnira ta yi atishawa sau uku ta zube a jikin uwarta. Suka ji jan ƙafar ya bi ta zaure ya fita, daidai lokacin da ladan ya fara kiran salla.

Jifa ya tsaya daga ranar. Zinnira ta bi guruf-guruf tana roƙon a goge hoton farko. Wasu suka goge, wasu suka ce ai ya fi na biyun kyau, suka ƙara turawa gaba. Shekara uku ke nan yatsan yana lanƙwashe. Wani lokaci tana cikin wanke-wanke sai ta ji ya yi mata zugi, ta ajiye kwanon ta riƙe shi, ta ce, "Inna, wani ya sake turawa."