Kwalli a Idon Na'ura

Ranar da aka kwantar da yaro na huɗu a asibiti daga layi ɗaya a unguwar Mafoni, Dakta Muhsinat ta buɗe akwatin na'urar gwajin ruwa da ta kafa a jikin famfon unguwar. Ta tarar an shafe 'yar fitilar ciki da wani baƙin abu.

"Yallaɓai, ɗan fallen nan da ka gani," ta ce wa Sufeto Dzarma, "sai hasken fitilar ya taɓa shi yake farkawa ya ɗanɗana ruwan. In da guba, jar alama ta kama, a rufe famfo. Mako uku ke nan yana makance, yara na sha."

Dzarma ya lakato baƙin ya shinshina. Kwalli ne, an kwaɓa da humra. Kwaɗon akwatin kuwa lafiyarsa ƙalau.

Ya fara da Bala majemi, wanda ruwan jimarsa ke tsiyaya bayan famfon.

"Da na san aikin ƙarfen nan, da guduma zan sa masa," in ji Bala.

Mutumin banza ne, amma gaskiya ya faɗa.

Babagana mai gadin famfo kuwa wata guda ke nan yana Monguno. Makullin akwatin yana gida, hannun mahaifiyarsa, Hajja Yagana.

Dzarma ya koma wurin Muhsinat. "Dakta, wa kika taɓa yi wa bayanin hasken nan?"

"Matan unguwa kaɗai, ranar taronsu."

A barandar asibiti ya sami tsohuwar, tana riƙe da 'yan silifas na yara.

"Hajja, makulli na hannunki. Maganar haske mata kaɗai suka ji. Kuma mai son ɓarna fasawa yake yi, ba ya zama ya shafa kwalli a hankali kamar a idon jariri."

Ba ta musa ba.

"Ɗana, bara da jar alamar ta kama, kwana goma sha ɗaya famfo a rufe. Aka ce tankar ruwa na zuwa. Har yau tana zuwa. Daga kududdufi muka sha, muka binne biyu. Sai na ce gara ruwan da na sani." Ta nuna ƙofar ɗaki da haɓa. "Jikata Ammatullahi ce a ciki. Da hannuna na ba ta ruwan."

Shekara ashirin Dzarma yana aikin nan, bai taɓa jin kunyar gano mai laifi ba sai yau. Ankwa ta zauna a aljihunsa.

Ya koma famfo. Muhsinat na goge kwallin, jar alama ta kama nan take. Ya ɗaura wa famfon sarƙa, ya danna kwaɗo.

Mata na layi da jarkoki cikin rana. Ta gaba ta sauke tata.

"Yallaɓai, to yanzu ina za mu ɗebo?"

Ya dubi Muhsinat. Ita kuma ta sunkuyar da kai. Matar ta jira kaɗan, sannan ta ɗauki jarkarta ta kama hanyar kududdufi.