Ɗakin da Gwaggo Hansai Ba Ta Gani Ba

Hanne na tsugune a bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, hayaƙi ya cika mata ido, sai ga mijinta Abdulsalam ya faɗo gidan ko sallamar kirki bai yi ba. Ƙurar hanyar Kano duk ta buɗe masa gira, yana ta kaɗa wani ɗan littafi mai sheƙi a sama.

"Hanne! Ajiye muciyar nan, zo ki ga ikon Allah!"

"Malam, tuwon zai yi gudaji fa."

"Ya yi mana! Yau ko gudaji zalla kika ba ni zan cinye."

Wata bakwai ke nan da aurensu, kuma auren so ne, tun tana aji bakwai a firamare yake zarya a babur tsakanin garinsu Toranke da Balan, garin su Hanne. Aikinsa a Kano yake, a wani kamfanin sayar da tarakta, sai ranar Asabar yake zuwa gida, ita kuwa tana zaune da mahaifiyarsa, Dada Gaji. To a wannan shekara ta 1976 babu wanda ya kai shi ciniki, shi ne manaja ya yi masa kyauta: hutun sati biyu shi da matarsa a wani tsibiri can tsakiyar teku, jirgi da ci da sha duk a wuyan kamfani. Masauki uku ne a littafin, an ce ya zaɓi ɗaya kafin ƙarshen wata.

Suka shige ɗaki suka buɗe. Na farko otal ne, bene hawa shida, ga farin yashi a gabansa, Turawa maza da mata kwance a rana, ba komai a jikinsu sai 'yan ƙyallaye.

"A'uzubillahi!" in ji Hanne, ta yi maza ta juya shafin.

Na biyu ɗakin katako ne mai rufin ciyawa, an ɗora shi a kan ginshiƙai cikin ruwa tsundum, ruwan kuwa shuɗi kamar an zuba bula. Na uku gida ne sukutum a cikin itatuwan kwakwa, da katangarsa da ƙofarsa, da ɗan tafkin wanka na siminti a tsakar gida.

Abdulsalam ya dangwala yatsa a kan na biyu. "Wannan nake so, dalin. Daga ni sai ke sai kifi! Hanimun ɗin nan, yawon amarcin da ba mu yi ba, ga shi Allah ya kawo."

Ta yi dariya ta rufe fuska da gefen mayafi. Can ta ce, "Ka gaya wa Dada? Su Baba fa?"

"Bari tikiti ya fito tukuna. Tsofaffin nan in ka fara da su, sai shekara ta ƙare ana shawara."

Nan fa ya tafka kuskure, ita ma ta ji a jikinta, amma daɗi ya hana ta musu. Ya koma Kano ranar Lahadi, ta cusa littafin cikin kwalla a ƙarƙashin zannuwanta.

Ranar Talata sai ga Baiwa dillaliya da ƙullin atamfofi. Baiwa kuwa, Allah ya yi mata baki, abin da ta gani da hantsi kafin azahar ya gama gari. Hanne ta janyo wani zani za ta gwada launi, littafi ya sulluɓo ya faɗi a gaban dillaliya. Kuma don tsautsayi bai tashi buɗewa a ko'ina ba sai a shafin farko.

"Innalillahi! La'ilaha illallahu! Dada, fito ki gani!"

Dada Gaji ta fito da carbi a hannu, ta duba sau ɗaya ta kau da kai. "Mene ne wannan a ɗakinki, Hanne?"

"Dada, wallahi ba nan za mu ba, wurin hutu ne kamfaninsu..."

"Za ku? Au, tafiya ma za ku yi?"

Baiwa ko cinikin ba ta tsaya yi ba, ta naɗe kayanta ta fice. Kafin ranar kasuwar Ajingi labari ya yi ƙiba. Cewa ake ɗan bokon Toranke zai kai 'yar Malam Badaru ƙasar da ake yawo tsirara, wasu ma har rantsuwa suke sun ga hotonta a ciki. Malam Badaru, mahaifin Hanne, ya kawo gyaɗa kasuwa, yana tsaye a bakin sikeli ya ji ana zancen a bayansa, ana ƙyaƙyata dariya. Ya bar buhunan a hannun ɗan'uwansa ya kama hanyar Balan, ko waiwaye bai yi ba.

Washegari da hantsi yayarsa, Gwaggo Hansai, ta yi sallama a Toranke. Tsohuwa ce 'yar firit, amma duk dangi ba mai ɗaga mata murya.

"Ɗauko mayafinki, ubanki na kira."

Hanne ta dubi Dada ko za ta sa baki. Dada ta ci gaba da jan carbinta, don ita ma ranta a ɓace yake.

A zaure mahaifinta ya tare ta. Bai yi tsawa ba, shi ne ma abin da ya fi tsorata ta. "Na ba da ke ga mutumin kirki, ashe ban san wa na ba ba. Kin zauna ke nan. In abin da ake faɗa haka yake, ya sauwaƙe miki, ban haifi 'yar da za a yi tallanta a kasuwa ba."

"Baba, don Allah ka saurare ni..."

"Shiga ciki."

Ta shiga ɗakin Gwaggo ta kifa kai a gado, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Tekun ba ta dame ta ba, ita da ko kogin Wudil sau biyu ta taɓa gani. Aurenta take wa kuka, don tana son mijinta kamar ranta.

Ranar Asabar Abdulsalam ya iso Balan a fusace, babur ɗinsa na tayar da kajin unguwa. Maimakon ya durƙusa ya ba da haƙuri, sai ya tsaya yana bayani da hannu. "Haba Baba, matata ce fa! Zamani ya canja, holide ne kawai, ɗan hutu, duk ma'aikata suna yi." Malam Badaru ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya shige gida ya bar shi da tabarma. Kai, wani ilimin bokon dai sai a hankali!

Kwana goma sha biyu Hanne ta yi a Balan. Ba ta yi yaji da abinci ba, ba ta kumbura wa kowa fuska ba. Ita ce daka, ita ce shara, ita ce kai wa Baba ruwan alwala, ko da ba ya amsa gaisuwarta sai da ka. Ƙawayenta suka zo suna zuga ta wai ta sulale ta bi motar Kano, ai miji ya fi uba iko da ita yanzu. Ta ce musu auren da za ta tsallake mahaifinta ta riƙe, ba ta ga ranar da zai yi albarka ba.

Wata rana da la'asar tana taya Gwaggo gurzar auduga, tsohuwar na kaɗi tana mita ita kaɗai.

"Ni ba hoton arnan nan ne ya ƙona min rai ba. Kaf 'ya'yan gidan nan, wace ce ta taɓa kwana a ɗakin da ban je na gani ba? Naki na Toranke, ba ni na je ganin ɗaki ba kafin a yi jere? Ni na sa aka sake daɓe, na sa aka ƙara wa katangar banɗaki tsawo. Yau kuma yaro zai ɗauke ki ya kai ki bayan duniya, ɗakin da ba wanda ya leƙa, kamar marar dangi!"

Hanne ta saki magurjin ta zuba wa Gwaggo ido. Ashe nan gizo ke saƙa. A gidansu ba a kai 'ya ɗaki sai iyaye mata sun je sun duba shi, sun ce ya yi. Su kuwa sun zauna su biyu sun zaɓi ɗaki kamar marayu.

Ta yagi takarda a tsohon littafinta na makaranta ta rubuta, ta bayar aka kai wa direban motar Kano:

"Malam, kada ka zo da fushi, kada ka zo da Turanci. Ka zo da Dada da goro da littafin nan, ka ce ka kawo ɗaki a gani. Wanda Gwaggo ta zaɓa shi ne namu, ko ba shi kake so ba. In ta ce duk ba su yi ba, mu haƙura da tekun. Ni kai nake so in koma wa."

Abdulsalam ya karanta a ofis sau uku, kunya ta lulluɓe shi. Ya fara zuwa Toranke ya durƙusa wa Dada, ta wanke shi tas, sannan ta yafa mayafi ta biyo shi. Saura kwana biyu wa'adin kamfani ya cika suka yi sallama a Balan. Wannan karon tun daga bakin zaure ya cire takalmi ya zube.

"Baba, na yi laifi. Na yanke shawara a kan 'yarku ban zo gabanku ba. A yafe min."

Malam Badaru ya dube shi. "A bakin sikeli na ji, Abdulsalam. Ina da suruki mai babur, amma a bakin 'yan dako na ji inda za a kai 'yata." Ya nisa. "Maganar ɗaki kuwa ba tawa ba ce. A kira Yaya Hansai."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Gwaggo ta zauna ta miƙe ƙafa, Dada a gefenta, Hanne na raɓe a bakin ƙofa. Abdulsalam ya buɗe shafin farko.

"Wuce! Nan ko akuyata ba na kaiwa."

Ya buɗe na biyu, ɗan gaban goshinsa, har da gyara zama. Gwaggo ta kawo littafin daf da hancinta, ta juya shi sama da ƙasa.

"Ina katangar?"

"Babu, Gwaggo, ai ruwa ne ya kewaye shi."

"To in ta yi shanya zani ya faɗi, ina zai faɗa? In kun saɓa, wace maƙwabciya za ta shiga ta huce? Ɗaki a kan ruwa, sai ka ce na aljanu! Bai yi ba."

Ya buɗe baki zai yi magana, suka haɗa ido da Hanne, ya haɗiye abarsa. Wallahi ya ji zafin rabuwa da ɗakin nan, amma ya juya shafi.

A kan na uku Gwaggo ta daɗe. Ta auna katangar da jikin wani mutum da ke tsaye a hoton, ta ga ta fi shi tsawo. Ta tambayi wa ke shiga, ya karanta mata cewa ba mai shiga sai an kira shi, mai girkin ma mace ce. Ta tambayi maƙwabta, ya ce ƙauyen masunta ne a bayan gidan, Musulmi ne, har an zana masallacinsu a taswira.

"Daga ɗakin ana jin kiran salla?"

Da ya ce e, shi ke nan an gama, ba kuma wanda zai ƙaryata shi, tunda ban da Hanne shi kaɗai ke karanta Turanci a wurin. Ya duba takardar sama da ƙasa, ya ɗago.

"Ban sani ba, Gwaggo. Ba a rubuta ba, ba kuma zan yi miki ƙarya ba."

Sai aka ji gyaran murya daga ƙofar zaure. Ashe Malam Badaru na tsaye tun ɗazu. "Yaya, yaron da ya ƙi yi miki ƙarya a kan wannan, ba zai kai 'yarki inda za ta tozarta ba."

Gwaggo ta rufe littafin ta ɗora a cinya. "Ɗaki ya yi. Saura ka je ka jiyo min da kunnenka." Ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, Dada ta karɓa. Hanne ta durƙushe a gaban mahaifinta tana kuka, ya dafa kanta ya ce Allah ya yi mata albarka, ta tashi ta bi mijinta.

Amma fa Gwaggo ba ta gama ba. Ta ce ɗakin da ta gani dole ta yi masa jere, ko na kwana ɗaya ne. Haka Hanne ta hau jirgi a Kano da tabarmar kaba a naɗe, da buta, da kaskon turaren wuta, da ƙullin kuka da daddawa. Abdulsalam ya ɗauki tabarmar a kafaɗa yana ratsa Turawa.

Asubar farko a tsibirin, Hanne ta farka cikin ƙamshin turaren Gwaggo, tana jin teku na ta shuu a bayan katanga. Sai ga wata murya siririya ta keto ta cikin itatuwan kwakwa. Ta kasa kunne, hawaye suka zubo mata, ta girgiza kafaɗar mijinta.

"Malam! Malam, tashi ka ji!"

Bayan sati uku kati mai hoton teku ya iso Balan, su da kansu har sun riga shi dawowa. Malam Badaru ya sa Hanne ta karanta a tsakar gida, gaban kowa, har da Baiwa dillaliya da ta zo ganin tsaraba. Layi ɗaya ne tal: "Gwaggo, ana ji, har cikin ɗaki."

"To, alhamdulillahi," in ji Gwaggo. "Yanzu na san inda 'yata ta kwana." Ta karɓi katin ta soke shi a jikin jeren kwanukanta.

'Yan'uwana matasa, ku dubi Hanne. Da ta bi zugar ƙawaye ta haura katanga, da ta ga teku ta rasa uba, wataƙila ta rasa mijin ma daga baya. Ta yi haƙuri ta saurari tsohuwa har ta gano inda ciwon yake, sai ga shi ta samu duka. Kai kuma mai mata, komai girman alherin da ya same ku, ka fara kai shi gaban iyaye da ƙafarka, kada ka bari su tsince shi a bakin sikeli.