Man Zaitun na Kira Maruso

A zamanin Duka Mai Jan Gemu, Sarkin tsibirin Naksos, ana gama matsar zaitun 'yan fashin teku suka sauka a gaɓar arewa. Jama'a suka ruga hasumiyar hakiminsu, Kir Zorzis, aka datse ƙofa.

Kir Zorzis bai taɓa yaƙi ba, amma ya san yadda kakanninsa suke yi. Akwai wata kafa a saman ƙofa, ta nan ake kwarara wa maƙiyi tafasasshen mai. Da ya ji gatari ya fara cin ƙofa, sai ya daka tsawa a ɗora tukunya.

Matarsa Kira Maruso ta tare bakin ɗakin ajiya, ta riƙe ƙugu.

"Wane mai? Na bana? Matsar fari?"

"Maruso, yanka mu za a yi!"

"A ɗauko na bara, wanda ɓera ya faɗa ciki."

Sai ga murya daga ƙasa. Kaftin Sifis ne, shugaban 'yan fashin, mutumin tsibirin Kirit.

"Haba uwargida, ni za a ƙona da man ɓera? Ina da mutunci fa! Kuma na banan naki, a garinmu kofaton jaki ake shafa wa irinsa."

Kir Zorzis ya dubi fuskar matarsa, ya ja da baya.

"Jaki?" in ji ta. "Ɓarawon banza, ka taɓa ɗanɗana mai kuwa?"

Ta cika ƙwarya da na bana, ta haɗa da gurasa barbaɗe da gishiri, ta zura masa su a kwando ta kafar. Sifis ya tsoma, ya tauna, ya lumshe ido.

"Ba laifi," ya ce, ya ƙara loma.

Wani tsoho cikin mutanensa ya dafe kai. "Kaftin, gurasarsu da gishirinsu ka ci!"

A tekun nan kaf, wanda ya ci gurasa da gishirin gida ba ya ɗaga wa gidan makami, ko da ɓarawo ne. Sifis ya yi ƙoƙarin tofarwa, ashe ya riga ya haɗiye. Suka kwashi gatura suka koma jirgi, yana zagi yana suɗe yatsa.

An ce Sarki Duka ya aiko wa Kir Zorzis takobi, ya naɗa shi Garkuwan Arewa. Har yau baƙi na zuwa kallon kafar, ana ba su labarin jarumtarsa. Haka sha'anin mulki yake, ɗaukaka takan sauka kan wanda ya fi tsawa. Ita kuwa Kira Maruso, takobin bai taɓa damun ta ba. Abin da ba ta yafe ba har ta koma ga Mahaliccinta shi ne "Ba laifi."